Sharhi A Kan Kalmomin Bugun Ƙwallo A Hausa: Abin Da Mai Sauraro A Agadas Ke Ji

Gabatarwa

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Jamhuriyar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa masu tsara harshe nauyin da ba su saba da shi ba, domin kuwa harshen da aka ba wannan muƙami dole ne a iya rubuta kowane irin al'amari da shi, tun daga shari'a da kiwon lafiya har ya zuwa wasa. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wani ɗan yanki na kalmomin da kafofin labarai na Hausa suka yaɗa, watau sunayen bugun ƙwallon ƙafa da kuma kalmomin da ke bayyana ko bugu ya sami inda aka nufa ko ya kuskure. An zaɓi wannan fage ne saboda yana cikin 'yan fagagen da Hausa ta yi sababbin kalmomi ba tare da wani kwamiti ya zauna ba, kuma matashin da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ba abin da zai fi saurin janyo shi ga karatu kamar labarin wasan jiya.

Garin Agadas kuwa ma'auni ne mai kyau. Hausa ce harshen kasuwa da na titi a can, amma da yawa daga masu magana da ita sun tashi ne da Tamajak a gida, wasu da Tubanci ko Larabci ko Fulatanci, boko kuma da Faransanci suka yi shi. Garin ya taɓa sauya harshe: sa'ad da Heinrich Barth ya sauka a can a 1850 ya tarar ana magana da wani reshe na Songai wanda daga baya Hausa ta maye gurbinsa. Mai sha'awar ƙwallo a Agadas, ko a Arlit inda ƙungiyoyin Urana da Akokana suka taso a gindin ma'adinin yuraniyom, yakan kalli wasan Turai da sharhin Faransanci, sa'an nan ya ji ko ya karanta labarin wannan wasa da Hausar da aka ƙera a Kano da Kaduna da Landan bisa Ingilishi. Duk kalmar da ta isa kunnensa da ma'anarta cikakkiya, to, ta ci jarrabawa.

Sunayen da suka fito daga doka

Dokokin wasan guda 17 ne, kuma sun san bugu iri shida da ake tayar da wasa da su: na tsakiyar fili, na laifi mai zuwa kai tsaye, na laifi wanda sai wani ya taɓa, na mita 11, na kusurwa, da wanda ake yi daga gaban raga in ƙwallo ya fita ta ƙafar masu kai hari. A nan ne kafofin labarai suka fi yin aiki, a nan ne kuma aikinsu ya fi kyau.

Wanda ya fi shahara shi ne "bugun daga kai sai mai tsaron gida". Wannan suna Hausa ce tsantsa. Yana bin tsohuwar hanyar harshen ta ɗaukar jimla sukutum a mai da ita suna, kamar yadda aka sami "faɗi-ka-mutu" da "ka-ce-na-ce" da "a-kori-kura". Tsohon da bai taɓa shiga filin ƙwallo ba, da ya ji sunan ya ga hoton abin: mutum biyu, ba na uku. Babuzun da ya koyi Hausa a kasuwa ba ya bukatar a fassara masa ko kalma ɗaya a ciki. Ko shakka babu wanda ya fara furta shi ya san harshensa.

Sai dai kuma sunan yana da aibi uku. Na farko tsawo: kalma bakwai ne, gaɓa 11, daidai da yawan mitocin da ke tsakanin ƙwallon da raga, mai sharhi na nan yana jan sa har an buga an gama. Wannan ne ya sa bai kori kalmar aro ba. A Nijeriya "fenariti" na nan daram, a Nijar kuma "penalti", kowa da bakin da ya aro daga gare shi. Na biyu, sunan bai keɓanta ga abin da aka raɗa masa ba, domin ɗan wasan da ya yanke 'yan baya ya fuskanci mai tsaron gida ana cikin gudu, shi ma daga shi sai mai tsaron gida ne, alhali ba busa aka yi ba. Na uku, bai raba bugun da alƙali ya bayar a cikin wasa, wanda ya shiga doka tun 1891, da jerin bugun raba gardama da ake yi bayan an tashi kunnen doki ba, wanda sai a 1970 aka amince da shi. Ƙwallon da aka ci a na farko yana shiga lissafin ɗan wasa, na biyun ba ya shiga. Akwai kuma wata ƙaramar tambaya ga masu nahawu: in mata ne ke wasan, "daga kai" za a ce ko "daga ke"? Idan sunan ya daskare ya zama kalma guda, sai a bar shi yadda yake a sa masa karan ɗori. Idan kuwa bai daskare ba, sai ya bi jinsi. Marubuta ba su tsaya a kan ko ɗaya ba.

"Bugun tazara" ya fi gajarta, amma ya fi rauni. Tazarar da ake nufi ita ce mita 9.15 da abokan karawa ke ja da baya, sai dai mai sauraro ba shi da hanyar sanin haka, shi ya sa sau da yawa ake fahimtar sa da ma'anar duk wani bugu daga nesa, har su kansu masu rahoto sukan yi amfani da shi a haka. Bugu da ƙari ya haɗe iri biyu da doka ta raba. Abin mamaki shi ne akwai maganin wannan a bakin 'yan kallo, inda ake jin "falan ɗaya" da "falan biyu", daga maganar tufa da takarda: na farko a buga kai tsaye, na biyu sai ƙafa biyu sun taɓa. Gajere ne, ya raba abin da ya kamata a raba, kuma ba Ingilishi ba Faransanci a cikinsa. Ya cancanci a gwada shi a Agadas a ga ko zai zauna.

Game da "bugun kusurwa" ba abin cewa, ya yi. Kishiyarsa "kwana" ita ce ya kamata a kiyaye a littattafan sababbin makaranta, domin rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "kwana" ta aro da "kwana" ta barci kamarsu ɗaya a takarda, mai haɗa baƙi da ƙyar kuwa sai ya karanta "bugun kwana biyu" ya tsaya yana tunanin yini da dare.

Wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na shida. Wasu su ce "bugun gola", wasu "bugun mai tsaron gida". Duka biyun kuskure ne a doka, tunda kowane ɗan wasa na iya yin sa, na biyun kuma ya yi kusa ainun da sunan bugun mita 11, alhali ɗaya ceto ne ɗaya hukunci. Masu Faransanci na titi suna ce masa na mita shida, ko da yake layin mita 5.5 ne.

Aikatau da abin da suke ɓoyewa

Idan aka bar sunaye aka koma ga aikatau, sai a ga arziki da talauci a wuri ɗaya. Kalmar da ta ɗauki kusan dukkan nauyin ita ce "buga". Ana buga ganga, ana buga waya, ana buga littafi, ana buga wasa, ana buga canjaras. Ba ta faɗin ko da ƙafa ne ko da hannu. A dubi wannan jimla:

(1) Ya buga sau biyar, ya ci biyu.

Ba mai iya cewa ko wasa biyar ya shiga, ko sau biyar ya nufi raga a wasa guda. Ga mai hira a majalisa wannan ba kome ba ne, zai tambaya. Ga mai karanta takarda shi kaɗai kuwa ba wanda zai tambaya.

Duk da haka tsarin giredin aikatau, wanda F. W. Parsons ya bayyana a 1960, yana ba mai sharhin Hausa wani kayan aiki da abokinsa mai Faransanci ba shi da shi. "Ya buga" aiki ne kawai. "Ya bugi turke" ya nuna abin da aka sama. "Ya bugo" ya nuna ƙwallon ya taho wajen da hankalin mai magana yake, kuma abin lura ne cewa masu sharhi, ba tare da an koya musu ba, sun mai da bakin raga shi ne "nan": in an ce "ya bugo kusurwa" kowa ya san cikin taron da ke gaban mai tsaron gida ƙwallon ya nufo. Da wasali ɗaya an faɗi alkibla. "Ya bugu" kuma, a giredi na 7, na nufin bugun ya yi yadda ake so, ko da yake in an faɗi haka game da ɗan wasan ba ƙwallon ba, an zarge shi da wani abu dabam.

Bayan "buga" akwai garken kalmomi: doka, zabga, sheƙa, narka, ɗirka, harba, shura. Haka nan akwai amsa-kama, waɗanda M. K. M. Galadanci ya yi nazarinsu a 1971, masu sa mai sauraro ya ji ƙarar abin a kunnensa. Amma in an jera su aka duba, kusan dukkansu ƙarfi suke aunawa. Suna faɗin yadda ƙafa ta sami ƙwallo, ba sa faɗin yadda ƙwallo ya bi iska ko inda ya sauka. Wajen cin ma haka abin yake. "Zura" kalma ce ta lallaɓawa, ana zura hannu a aljihu, ana zura guga a rijiya. Ta dace da ƙwallon da aka tura a hankali ta gefen mai tsaron gida, amma an mai da ita ta kowane ci, har wanda aka zabga daga mita 30. "Jefa ƙwallo a raga" ya fi muni, domin jifa da hannu ake yi, kuma a wannan wasa "jifa" sunan wani abu ne dabam da ake yi a bakin layi.

A nan ya kamata a ɗan ratse a ambaci jinsi. "Ƙwallo" namiji ne a ƙamus, shi ya sa ake cewa "ƙwallon". Amma kullum sai a ji "ƙwallon ta shiga", watau madanganci na namiji, wakilin suna na mace, a jimla ɗaya. Mai yiwuwa tamola da leda ne suka bar masa gadon "ta". Ko mene ne dalili, littafin koyon karatu ba zai iya tafiya da duka biyun ba.

Kwatanci da wani wasa

Domin a ga girman giɓin, yana da amfani a leƙa wani wasa da ba a yi a ƙasar Hausa, watau ƙwallon ƙafa irin na Ostireliya, wanda aka rubuta dokokinsa na farko a Melbon a 1859. 'Yan wasa 18 ne a kowane ɓangare, ƙwallon mai siffar ƙwai, a kowane ƙarshen fili kuma turaku huɗu ne a jere, mita 6.4 tsakanin kowane biyu, ba sanda a sama. Wanda ya buga da ƙafa ƙwallon ya wuce tsakanin na tsakiya biyu ba tare da kowa ya taɓa ba, ya sami maki 6. In ya bi ta gefe tsakanin dogo da gajere, ko ya taɓa dogon turke, maki 1 ne. Ana rubuta sakamako da lamba uku, alal misali 12.9 (81), watau cikakken ci 12, na gefe 9, jimla 81. Ma'anar wannan ita ce kuskure ma yana da suna, yana da lamba, yana kan allo. Da ganin sakamako mai karatu ya san wace ƙungiya ce ta iya saiti. Shi ya sa ake tunawa da Fred Fanning na ƙungiyar Melbon, wanda a wasa guda a 1947 ya yi 18.1, ba don yawan cin kaɗai ba, har da ƙarancin kuskuren. Tony Lockett kuwa ya bar wasa da ci 1,360.

Saboda lissafin ya rataya a kan saiti, sai harshen 'yan wasan ya cika da sunayen bugu bisa yadda ƙwallo ke juyawa a iska. Akwai wanda ake sakin ƙwallon a tsaye a buge shi kafin ya taɓa ƙasa, ya riƙa juyawa baya-baya bisa tsawonsa. "Dirof fant" suke ce masa, shi ya fi kowanne saiti, shi ne kuma ya mamaye wasan. Akwai "tofido", mai murɗawa kamar harsashi, ya fi nisa amma ba a cika amince masa ba. Akwai na ayaba, mai lanƙwasa, wanda ake yi daga matsattsen gefe. Akwai na fizge, wanda ake yi a gicciye ana cikin matsi. Akwai kuma waɗanda suka mutu: wanda ake girke ƙwallon a ƙasa ya ɓace tun shekarun 1950, wanda ake bari ya taɓa ƙasa tukuna shi ma ya bi shi daga baya. Ba wata hukuma da ta raɗa waɗannan sunaye. A fili aka haife su, sa'ad da bugun ya daina amfani kuma sunan ya koma bakin tsofaffi.

Ƙwallon da aka sani a nan ma yana da irin nasu kaɗan. Tun daga wasan ƙarshe na kofin Turai a Belgired a 1976 ake kiran lallausan bugun da ake ɗaga wa mai tsaron gida ta tsakiya da sunan Antonín Panenka, mutanen Birazil kuma sun kira bugun Didi busasshen ganye saboda yadda yake faɗowa. Rubutacciyar Hausa ba ta da ko ɗaya irin wannan da ya zauna.

Kalmar "ɓarar"

Inda talaucin ya fi fitowa fili shi ne wajen faɗin kuskure. A 2012 ne Mena ta Nijar ta fara zuwa gasar kofin Afirka, bayan ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a 2010. A wasan ƙarshe na wannan gasa, ran 12 ga Fabrairu a Libarbil, Zambiya ta ɗauki kofi a hannun Kodebuwa da 8 da 7 a bugun raba gardama. Didier Drogba ya sami bugun mita 11 ana cikin wasa, ya ɗaga shi sama da raga. A jerin bugun ƙarshe mai tsaron gidan Zambiya, Kennedy Mweene, ya tare na Kolo Touré, na Gervinho kuma ya haure. Shekara biyu kafin nan, a Johannasbag, na Asamoah Gyan na Gana ya daki sandar sama a karawarsu da Yurugwai. Da Hausar rahoto dukkan huɗun jimla ɗaya ce:

(2) Ya ɓarar da fenariti.

"Ɓarar" kalma ce ta hukunci. Ana ɓarar da hatsi, ana ɓarar da dukiya, mai yin haka kuwa almubazzari ne. Ta ɗora wa mai bugu laifin duka, ta hana mai tsaron gida ladansa. Kolo Touré ya sami raga, wani ne ya hana shi. Gyan ya kuskure da faɗin tafin hannu. Drogba ya kuskure da nisa. Faɗin ragar mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, kuma duk lissafin da masu horarwa ke yi a kan gwanintar ɗan wasa ya dogara ne ga raba bugun da ya nufi cikin wannan fili da wanda ya fita daga cikinsa. Harshen da ya haɗe su ba zai iya rubuta littafin koyar da yara wasa ba, ba zai kuma iya fassara jadawalin da ke fitowa a allon talabijin lokacin hutun rabin lokaci ba. A kan ce "sun kai hari sau goma", amma hari na iya ƙarewa ba a buga kome ba.

Ba wai Hausa ba ta da kalmomin ba ne. Al'ummar da ta yi farauta da baka ba za ta rasa su ba. Maharbi yakan auna, ya yi bara, ya saki, ko ya samu ko ya kuskure. Ita kanta "kuskure" da ake faɗi a kan kowane irin laifi, ma'anarta ta kibiyar da ta wuce nama tana nan da ranta. Kibiya takan baude, takan goce, takan zarce, takan haure, takan gaza. Mai tsaron gida kuma ko ya cafke, ko ya ture, ko ya kaɗe, ba ɗaya ba ne. Da waɗannan za a iya cewa:

(3) Sun buga goma: huɗu a kan saiti, biyar sun baude, ɗaya ya daki turke.

"Saiti" kalmar aro ce, amma ta daɗe ta zauna. "Bara" ta fi ta asali, sai dai a rubuce tana karo da bara ta shekarar da ta wuce, da bara na gidan sarki, da bara ta almajiri, don haka ba ta dace da littafin farko ba.

"Turke" ma ana ɗora masa aikin da ba nasa ba. Turke abin kafawa ne a ƙasa, na ɗaure doki ko raƙumi, ya dace da sandunan tsaye biyu. Ba a kafa turke a gicciye a sama. Duk wanda ya kwanta a ɗakin ƙasa a tsohon garin Agadas ya ɗaga kai ya ga abin da ke gicciye bisa bango, kuma sunansa azara. Da an ce ƙwallon Gyan ya daki azara, da mai sauraro ya san inda ya daka ba tare da ƙarin bayani ba.

Abin da ya rage ga masu tsarawa

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aiki a kan haruffa da ƙa'idojin rubutu, ba su taɓa irin waɗannan kalmomi ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga yaɗuwar wasan a rediyo. Jarabar da ke gaban kowane kwamiti yanzu ita ce ya ɗauki littafin dokoki na Faransanci ko na Ingilishi ya bi shi layi-layi yana ƙirƙira. Hakan zai cike gurbin bugu na shida, ya kuma raba fenaritin cikin wasa da na raba gardama, wannan kuwa aikin zama ɗaya ne. Amma sunayen yadda ƙwallo ke tafiya ba a cikin littafin dokoki suke ba, ko a Ostireliya ba daga can suka fito ba.

Kokawa ta nuna hanyar. A watan Disamba na 2023 Agadas ta karɓi gasar takobin ƙasa karo na 44, inda Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, na jihar Doso, ya ɗauki takobinsa na shida. Kaye da taɗiya da kirari ba wanda ya fassaro su daga wani harshe, masu yi ne suka raɗa, masu sharhi suka tarar. Yaran da ke taka leda da yamma a unguwannin Agadas da Arlit, da duwatsu biyu a madadin turaku, suna da abin da suke kiran bugun dunduniya da na gefen ƙafa da wanda ya lanƙwasa ya sauka bayan mai tsaron gida, wani da Hausa, wani da Faransancin da aka tauna, wani watakila da Tamajak. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, tana da ɗaliban da za su iya zama a bakin waɗannan filaye da na'urar ɗaukar magana na tsawon kakar wasa guda, a yi irin wannan a Damagaram da Maraɗi da Katsina da Kano, sa'an nan a jera abin da aka samu a ga wanda ya ratsa iyaka da kansa.